Marfin haƙori: na danƙo ko na tangaran, wanne ya dace da mai yawan tafiya?

Ga abin da aka tattauna a filinmu na lafiya, mun rubuta shi saboda waɗanda shirin ya wuce su suna kan hanya, ko suna bakin rijiya wajen shayar da dabbobi. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Maganar haƙoran gaba ce. Tun da hotunan mutane masu fararen haƙora fes suka cika wayoyi, a Facebook da TikTok, tambayoyi suke ta shigo mana: mene ne abin nan da ake liƙa wa haƙori, kuma wanne iri ya fi? Masu tambayar kowa da abin da ya dame shi. Akwai makiyayin da saniya ta kai wa ƙaho ta ɓantare masa gefen haƙori. Akwai hajiyar da ke zuwa sarin kaya Dubai ko Istanbul, ta ga tallar abin a can. Akwai kuma saurayin da tun yana yaro haƙoransa suka fito da ratsin ja-ja, ya goge ya goge bai fita ba, yanzu ga maganar aure ta taso.

Abin da ake liƙawar wani ɗan siririn marfi ne, kaurinsa kamar na farce ko ma bai kai ba. Likitocin Najeriya suna ce masa biniya, na Nijar da Kamaru da Cadi suna cewa faset. Mu dai bari mu ce masa marfi. Fuskar haƙorin ta gaba kaɗai yake rufewa, bayan haƙorin yana nan yadda Allah ya halicce shi. A nan ya bambanta da haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi, wanda hula ce ake kifa wa haƙorin ta zagaye shi gaba da baya. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa, don a wurin ne ake cutar mutane da yawa.

Abin ba sabo ba ne. A 1928 wani likitan haƙori a Kalifoniya ta Amurka, Charles Pincus, ya fara yi wa 'yan wasan fim irin wannan marfi. Amma nasa ba ya zama, a manna don ɗaukar hoto ne kawai, a cire daga baya. A 1955 wani likita mai suna Michael Buonocore ya gano cewa in aka shafa wa fuskar haƙori wani ruwa mai tsami na ɗan lokaci, tana yin kaushi, danƙo ya kama ta gam. Kamar dai yadda magini ke sassaƙa bango kafin ya yi shafe, don sumintin ya samu wurin kamawa. Daga shekarun 1980 aka iya yi wa tangaran shi ma irin wannan kaushi, sai marfin ya koma abin da ake sa wa mutum ya yi shekaru da shi.

Kafin a yi maganar wanne ya fi, sai an san fatar haƙori. Farin nan mai sheƙi da ke lulluɓe da haƙori, likitoci na ce masa inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi. Amma fa ba ya tsirowa. Gashi in an aske ya fito, farce in an yanke ya fito, ƙashi ma in ya karye ya haɗe. Inamel kuwa abin da aka kankare ya tafi kenan har abada. A haƙoran gaba kaurinsa bai fi milimita 1 ba a yawancin wurare, kusa da dasashi kuma ya fi haka siranta. A ƙarƙashinsa akwai wani ɓangare mai launin ɗorawa-ɗorawa, mai ƙananan hanyoyi da ke kai saƙo ga jijiya, shi ya sa in ya bayyana ruwan randa ma sai ya sa mutum ya runtse ido. Duk zaɓin da za a yi tsakanin marfi biyun nan, tambayar farko ita ce: nawa za a cire daga wannan fata?

To, na farko shi ne na danƙo, wanda a asibiti ake kira kwamfozit. Wani ƙulli ne mai launin haƙori, haɗin roba da garin gilashi mai laushi ƙwarai. Irinsa ne ake cike kogon haƙori da shi. Likita zai shafa ruwan tsamin nan, ya wanke, ya sa gam, sannan ya riƙa ɗora ƙullin kaɗan-kaɗan yana siffanta shi da hannunsa, yana haska masa wata 'yar fitila mai shuɗin haske, nan take ya daskare. Daga ƙarshe ya goge shi ya yi santsi. A zama ɗaya ake gamawa: ka shiga da safe, ka fito da haƙorinka kafin azahar in ba su da yawa. Galibi abin da ake kankarewa kaɗan ne, wani lokaci ma ba a kankare komai, ko allurar kashe zafi ba a bukata. Kuɗinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Aibinsa shi ne yana shan launi, sheƙinsa yana dushewa, gefensa yana iya ɓantarewa. Abin da likitoci suka saba faɗa shi ne shekara 5 zuwa 7 kafin a sabunta shi. Kyawunsa kuma ya dogara kacokan ga hannun mai yi, don a bakinka ake gina shi. Mai hannu zai yi maka wanda ko matarka ba za ta gane ba, marar hannu ya bar ka da abu kamar an manna cingam.

Na biyu shi ne na tangaran, dangin abin da ake yin kofin shayi da faranti, sai dai wannan an tace shi, an yi shi don baki. Ba a gina shi a bakin mutum. Zuwan farko likita zai kankare fuskar haƙorin, yawanci kimanin rabin milimita, ya ɗauki awon haƙoran da wani abu mai laushi ko da na'ura, ya aika wa masu ƙera haƙora. Su za su siffanta marfin su gasa shi a wuta mai tsananin zafi. Kai kuma a manna maka na wucin gadi ka tafi gida. Bayan mako ɗaya ko biyu ka koma, a gwada, a liƙa na gaskiyar. In aikin ya yi kyau, wallahi abin kallo ne, haske na ratsa shi kamar haƙorin halitta. Ba ya shan launi, kuma yana kai shekara 10 zuwa 15, wani ya wuce haka. Kuɗinsa kan ninka na danƙo sau da yawa, kuma a kan kowane haƙori ɗaya ake lissafi, ba a kan baki duka ba. In an gaya maka farashi, sefa ne ko naira, ka tambaya: na haƙori nawa ne wannan? A rubuta maka a takarda.

Abin da tallar waya ba ta faɗa shi ne, daga ranar da aka kankare haƙorin nan ba zai sake zama tsirara ba. In marfin ya fashe bayan shekara 12, dole a sa wani. In a lokacin ba ka da kuɗi, in fari ya ci dabbobi ko kasuwa ta tsaya, haƙorin ba zai jira ka ba, zai yi ta tsami yana zogi, ga shi ya fi na da muni. Saurayi ɗan shekara 25 da ya sa na tangaran ya ɗaura wa kansa biyan kuɗin sabuntawa sau uku ko fiye kafin tsufa. Ba mu ce kada a yi ba. A dai shiga da ido buɗe.

Yanzu mu zo kan abin da ke shiga bakinmu mu mutanen nan. Goro, shayi mai kauri da ake dafawa zagaye uku, taba, ga kuma fure da wasu mata ke shafawa. Duk waɗannan na danƙo yana shan su. Mai cin goro kullum zai ga marfinsa ya fara sauya launi tun ba a je ko'ina ba, musamman a gefe-gefe. Sauƙin abin dai likita na iya goge shi ya dawo da haskensa, in ana zuwa lokaci-lokaci. Na tangaran goro ba ya kama fuskarsa, amma shi ma yana da nasa abin kunyar. Layin da marfin ya haɗu da haƙori yana iya yin duhu, sannan sauran haƙoran da ba a rufe ba suna ci gaba da rinewa, shi kuwa yana nan fari tas. Bayan 'yan shekaru sai ka ga mutum da haƙora biyu suna walƙiya a tsakiyar jajaye, kamar farar tunkiya cikin jajayen awaki. Shi ya sa likitan kirki zai hana ka zaɓar fari fat irin na takarda, ya sa ka ɗauki launin da ya yi kusa da na maƙwabtan haƙorin.

Masu goge baki da gawayi, ko toka, ko gishiri, su sani waɗannan suna karce na danƙo, in ya karce kuma datti ya samu wurin zama. Burushi mai laushi da makilin sun wadatar. Aswaki ba laifi, a tauna kansa ya yi laushi sosai, kuma a bi a hankali.

Sai maganar cizo. Mu faɗi gaskiya, haƙoran gaba su ne wuƙar da yawa daga cikinmu. Da su ake tsinke igiya, a kwance ƙullin buhu, a ɓare rake, a gwagwiyi goruba, a ja kilishi, wani ma har kwalbar lemo yake buɗewa. Babu marfin da aka yi don wannan aiki. Na danƙo yakan ɓantare kaɗan, na tangaran yakan tsage ko ya fice gaba ɗaya. Bambancin yana wajen gyara. In na danƙo ya ɓantare, kusan duk likitan haƙori mai kayan cike kogo zai iya ƙara masa ƙulli ya daidaita shi a zama ɗaya, ko a Maraɗi kake, ko Katsina, ko Damagaram, ko Sakkwato. In na tangaran ya fashe, galibi sai an ƙera sabo: a sake awo, a sake aikawa, a sake jira, a sake biya. Masu ƙera shi kuma a manyan birane suke, ba kowane asibiti ke da su ba.

Wannan jiran na tsakanin zuwa biyu, ga mutumin birni ba komai ba ne. Ga mai bin dabbobi ko mai fatauci kuwa babban lamari ne. Marfin wucin gadi an yi shi ne don 'yan makonni, yana saurin ficewa, kuma in ya fice haƙorin da aka kankare yana fili. Wanda garkensa zai tashi zuwa mashekari kafin mako biyu, kada ya yarda a taɓa masa haƙori sai ya dawo. Haka wanda likitansa ke tsallaken iyaka. Kowa ya tuna yadda Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020, da yadda aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Ba a yi shawara da kowa ba kafin a rufe. Mutumin Ƙonni da aka kankare wa haƙora shida a Sakkwato, marfinsa yana can shi yana nan, ina zai sa kansa? In za ka yi na tangaran, ka yi shi a inda za ka iya komawa ko an rufe hanya.

Mu dawo kan hular da muka ce ku riƙe. Masu zuwa ƙasashen waje sarin kaya sukan samu tayin a gyara musu baki duka cikin kwana biyar ko mako guda, da farashi mai daɗin ji. Akwai ƙwararrun likitoci a can, ba a musu. Amma sau da yawa abin da ake kira marfi a irin wannan tayi hula ce, a fiƙe haƙori lafiyayye ta kowane gefe har ya koma kamar ɗan turke, sannan a kifa masa. Abin da ake cirewa ya ninka na marfi sau da yawa, kuma in aka matso kusa da jijiya tana iya mutuwa daga baya, haƙorin ya yi ƙurji. A lokacin kai kana gida, wanda ya yi aikin yana bayan teku. Hula tana da ranarta, haƙorin da ya karye sosai ko wanda aka cire wa jijiya ita ce maganinsa. Amma a fiƙe haƙora goma sha shida masu lafiya don hoto? Haba. Kafin ka kwanta a kujerar ka tambaya ƙarara: gaba kawai za a taɓa, ko za a zagaye haƙorin? In ba ka jin harshensu ka nemi mai fassara wanda ba ma'aikacinsu ba.

Ga masu ratsin ja ko ruwan ƙasa tun yarinta, wannan ba ƙazanta ba ce, kuma ba goro ba ne. Sau da yawa daga ruwan sha ne. Akwai wani sinadari, fuloraid, wanda kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a makilin. In ya yi yawa a ruwan da yaro ke sha lokacin da haƙoransa na dindindin ke ginuwa a cikin dasashi, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara 8, sai su fito da fararen tabo, ko ratsin ja, wani har da ramuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da Tibiri ba, inda ruwan wata rijiyar burtsatse, wato foraji, mai yawan fuloraid ya ɓata haƙoran yara masu ɗimbin yawa, har ya lanƙwasa ƙasusuwan wasu, al'amarin da ya fito fili wajen shekarar 2000. Ana samun irin wannan ruwa a wasu yankunan arewacin Kamaru da na Najeriya ma. Tafasa ruwa ba ya fitar da shi. In ka ga yaran rugarku ko ƙauyenku duk haƙoransu na fitowa da tabo iri ɗaya, a nemi jami'an lafiya su auna ruwan rijiyar, don a ceci ƙannensu.

Shi wannan tabo a cikin fatar haƙorin yake, burushi ba ya kai masa. In sama-sama ne, likita na iya goge wani ɗan siririn sashe da magani, ko ya yi wa haƙoran maganin farantawa, a rabu lafiya ba tare da marfi ba. In ya yi duhu sosai ya shiga ciki, a nan ne na tangaran ya fi nuna kansa, don ya fi iya ɓoye duhu ba tare da haƙorin ya yi kauri kamar an ɗora masa kaya ba. Wanda ke zaune wuri ɗaya, yana da halin biya yau da kuma nan gaba, kuma tabon ya hana shi dariya cikin mutane, to kuɗinsa bai tafi a banza ba.

A ganinmu dai, ga yawancin masu sauraron wannan tasha, na danƙo ne ya kamata a fara da shi. Yana barin haƙorin kusan yadda yake, ana gyara shi a kusa, kuma in bayan shekaru ka ga kana son na tangaran, ƙofa a buɗe take. Wanda ya fara da tangaran ba shi da hanyar komawa baya. In ma gefen haƙori ɗaya ne ya ɓantare, ba sai an rufe fuskar duka ba, wurin da ya karye kaɗai ake cikewa da danƙon.

Ko wanne ka zaɓa, ba a ɗora marfi a kan ciwo. In dasashi na jini, in baki na wari, in akwai kogo, waɗannan ake fara magancewa. Mutane da yawa da ke neman marfi, wankin haƙori na asibiti kawai suke bukata, a kankare dattin goro da tsatsar da ta daskare a gindin haƙora, su duba madubi su ce a bar shi haka. In za a yi maka maganin farantawa, a fara da shi, a jira kamar mako biyu, sannan a zaɓi launin marfi, don maganin ba ya canza launin danƙo ko tangaran. Mai cizon haƙora cikin barci ya gaya wa likita, in bai sani ba ya tambayi mai ɗakinsa, ita ta sani. Irin wannan yana fasa marfi, sai an yi masa wata roba da zai riƙa sawa da dare. Masu wushirya kuma ku yi magana tun kafin a fara. A wasu ƙasashe gyara ake ɗaukar ta a toshe, mu kuwa ado ce, kada ka tashi daga kujera ka tarar an rufe maka ita.

Sannan a kula da wanda zai yi aikin. Masu yawo kasuwa-kasuwa suna manna haƙora da gam, da fararen haƙoran roba da ake sayarwa ta intanet a kifa a kan na gaskiya, waɗannan abinci na maƙalewa a ƙarƙashinsu, haƙori ya ruɓe a ɓoye, dasashi ya kumbura. A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitocin haƙori rajista, kuma manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna da sashen haƙori. A kowace ƙasa kake, ba rashin kunya ba ne ka nemi ganin takardar mutum, ka kuma ce ya nuna maka hoton aikin da ya yi da hannunsa.

Yara da matasan da ba su gama girma ba, ba a yi musu na tangaran, don jijiyar haƙorinsu tana da girma, dasashinsu kuma bai gama zama ba. Na danƙo ake yi musu. Su ne kuwa suka fi karya haƙori, wajen kiwo, ko faɗowa daga jaki ko babur. In haka ta faru a nemi guntun da ya ɓalle, a jefa shi cikin madara sabuwar tatsa, ba nono mai tsami ba, a tafi da shi asibiti. Sau da yawa likita na iya manna shi a mazauninsa, kuma babu marfin da ya kai shi dacewa. In haƙorin dindindin ne ya fita gaba ɗaya da saiwarsa, a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a goge ta. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi da madara, a mayar da shi raminsa yaron ya ciji tsumma mai tsabta, in ba a iya ba a sa shi cikin madarar a kama hanya. Sa'ar farko ita ce mai daraja. Haƙorin nono na ƙananan yara shi ba a mayar da shi, don kada a lalata na ƙasa da ke shirin fitowa.